Yadda Ake Gane Sanatan Amurka Mai Ƙin Yaƙi Na Gaskiya: Mu Gwada da Wayne Morse

Na taɓa rubuta cewa Sanata Wayne Morse ya kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da shawarar da shi da kansa ya kawo gaban majalisa. Har na ƙawata zancen, na ce to ga shi nan, ɗan siyasa ko'ina yake halinsa ɗaya ne, baki daban zuciya daban. Allah ya rufa min asiri, wani dattijo da ke duba min rubutu ya riga masu karatu gani. Ya ce da ni, "Malam, ka karanta tambayar da aka yi ƙuri'ar a kanta kuwa, ko sunaye kawai ka bi?" Sunaye kawai na bi. Zan dawo kan wannan kwaɓar nan gaba, don rami ne da kusan duk sabon shiga ke aukawa.

Tun daga ranar nake taka-tsantsan da laƙabin "mai adawa da yaƙi". A Amurka, da zarar yaƙi ya daɗe, akwatunan gawa suka fara yawa, sai ka ga kowa ya zama mai ƙinsa, har waɗanda suka sa hannu aka fara. To idan kana son yin rubutu a kan ɗaya daga cikinsu, ko kana son ka auna abin da ka karanta, ga hanyar da nake bi. Morse na ɗauka ya zama ma'auni, saboda a kansa na yi kuskuren, a kansa kuma na koya.

Ka fara da rana, ba da jawabi ba

Abin da za ka fara nema shi ne ranar da aka buɗe ƙofar yaƙin, sannan ka duba ina mutumin ya tsaya a wannan ranar. Ba bayan shekara uku ba. A yaƙin Biyetnam, ranar ita ce 7 ga Agusta, 1964.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar 2 ga Agusta, ƙananan jiragen ruwan yaƙi na Biyetnam ta Arewa suka kai wa jirgin Amurka mai suna Maddox hari a tekun Tonkin. Ranar 4 ga wata da dare aka ba da rahoton hari na biyu, a kan Maddox ɗin da wani jirgi mai suna Turner Joy. Shugaba Lyndon Johnson ya sa aka yi luguden wuta ta sama, sannan ya aika wa majalisa ƙuduri da ke ba shi ikon ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace a kudu maso gabashin Asiya. Saura wata uku zaɓe. Abokin karawarsa Barry Goldwater na zargin gwamnati da sanyin jiki. Babu ɗan jam'iyyar Dimokurat da ke son a ce shi ne ya kunyata shugabansa a irin wannan lokaci.

Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 416, babu ko ɗaya da ya ƙi. A Majalisar Dattawa 88 suka ce e, biyu suka ce a'a: Wayne Morse na jihar Oregon da Ernest Gruening na Alaska. Duka muhawarar, daga kwamiti har zaure, ba ta kai awa goma ba.

Yanzu ka ɗauki jerin sunayen nan 88 ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan mamaki yake. George McGovern yana ciki, wanda a 1972 ya tsaya takarar shugaban ƙasa da alƙawarin kawo ƙarshen yaƙin. Eugene McCarthy yana ciki, wanda ya ƙalubalanci Johnson a 1968 saboda yaƙin. J. William Fulbright kuwa ba ƙuri'a kawai ya bayar ba, shi ne ya jagoranci ƙudurin a zauren majalisa, har ya lallashi Gaylord Nelson ya haƙura da gyaran da ya so a yi don taƙaita ikon shugaban ƙasa. Duk waɗannan mutane daga baya sun yi adawa ta gaske, ba na raina musu. Amma in ka rubuta tarihin McGovern ka tsallake ƙuri'ar Agustan 1964, ka yi masa kwalliyar da shi kansa bai yi wa kansa ba, don ya fito ya ce ya yi nadamarta.

Akwai wani ɗan abu da nake son ka gani kusa-kusa. Kafin zaman kwamiti, wani jami'i daga ma'aikatar tsaro ta Pentagon ya tsegunta wa Morse cewa ya nemi a kawo littafin zirga-zirgar Maddox, ya kuma tambayi alaƙar jirgin da hare-haren ɓoye da jiragen Biyetnam ta Kudu ke kai wa gaɓar Arewa da taimakon Amurka. Morse ya yi tambayar. Sakataren tsaro Robert McNamara ya musanta cewa akwai alaƙa. Sauran sanatoci suka yi shiru, aka wuce. Sai a 1968 kwamitin Fulbright ya sake tono batun, sannan a 2005 aka saki wani binciken cikin gida na hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka wanda ya nuna harin 4 ga Agusta bai auku ba. Saboda haka idan kana duba ranar farko, kada ka tsaya a ƙuri'a kaɗai. Duba wace tambaya mutumin ya yi lokacin da tambaya ke da tsada.

Ramin da na faɗa

A ranar 1 ga Maris, 1966, Morse ya kawo gyara da zai soke ƙudurin Tonkin baki ɗaya. Sakamakon da ke rubuce shi ne 92 da 5, sunan Morse kuma yana cikin biyar ɗin da suka ce a'a. Ni da na gani sai na ce shi ke nan, mutum ya juya wa shawararsa baya.

Ashe ba a kan gyaran aka yi ƙuri'ar ba. An yi ta ne a kan buƙatar a jingine gyaran. A tsarin Majalisar Dattawan Amurka, jingine abu kashe shi ne, ba a sake waiwayarsa. Wanda ya ce e, ya ce a binne shawarar Morse ke nan. Wanda ya ce a'a shi ne ke son ta rayu. Biyar ɗin su ne Morse, Gruening, Fulbright, McCarthy da Stephen Young na Ohayo. Ka ga a cikin wata goma sha tara Fulbright ya tashi daga jagoran ƙudurin ya koma cikin masu neman a soke shi. Wannan labari ne mai kyau, ni kuma na kusa juya shi kai ƙasa.

Don haka kafin ka kalli suna ko ɗaya, karanta layin da ke sama wanda ya faɗi mene ne ake yi wa ƙuri'a. Shin dokar ce kanta, ko gyara ne a cikinta, ko neman jinginewa, ko neman a rufe muhawara? Kowanne da ma'anar e ɗinsa.

Ko da ka fahimci tambayar, a'a ba koyaushe take nufin abin da ka zata ba. A 1957 Morse ya ƙi dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata, sunansa ya fito jere da sanatocin kudu masu wariyar launi. Wanda bai sani ba zai ce nasu ne. Alhali shi ya ƙi ta ne don a ganinsa an zare mata haƙora kafin a kawo ta, ba za ta tsinana komai ba. Sai ka karanta abin da ya faɗa a zaure a wannan rana kafin ka yanke masa hukunci.

Bi sawun kuɗin

Wannan mataki shi ne ke raba aya da tsakuwa. Sukar yaƙi a jawabi abu ne mai sauƙi. Hana shi kuɗi shi ne wuya, domin nan take za a ce ka bar yaran da ke fagen daga ba harsashi ba abinci. Sanatoci da dama sun yi shekaru suna suka da baki suna kuma amincewa da kasafin.

A watan Mayun 1965 Johnson ya nemi ƙarin dala miliyan 700 don yaƙin, ya kuma faɗa ƙarara cewa duk wanda ya amince da kuɗin ya amince da manufar ke nan. Sakamako: 88 da 3. Morse, Gruening, sai Gaylord Nelson, wanda a karon farko ya bari aka lallashe shi amma a wannan karon ya ƙi. A ƙarshen 1964 sojojin Amurka a Biyetnam kusan 23,000 ne. Kafin 1965 ta ƙare sun haura 180,000. A 1969 sun zarce rabin miliyan.

Sai a 1970 yunƙurin toshe kuɗin ya samu jama'a. McGovern da Mark Hatfield suka kawo gyaran da zai sa wa janye sojoji wa'adi zuwa ƙarshen 1971. Ranar 1 ga Satumba aka kayar da shi 55 da 39. Daga mutum uku zuwa 39 a cikin shekara biyar. Amma lokacin Morse ba ya majalisar.

Me ya sa yake ƙi?

A nan nake ganin masu rubutu na yawan haɗa kowa a tukunya ɗaya. Ƙin yaƙi iri-iri ne. Akwai wanda addininsa ko aƙidarsa ta hana shi yarda da kowane yaƙi. Akwai wanda ba ya son Amurka ta tsoma baki a harkar ƙasashen waje ko kaɗan. Akwai wanda yake ganin wannan yaƙin dai ba za a ci shi ba. Sai kuma wanda damuwarsa ita ce wa ke da ikon fara yaƙin.

Morse lauya ne, kuma a lauyance yake tunani. An haife shi a jihar Wiskonsin a 1900, jihar Robert La Follette, ɗaya daga cikin sanatoci shida da suka ƙi shigar Amurka Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917. Yana ɗan shekara talatin da kaɗan ya zama shugaban tsangayar koyon aikin lauya a Jami'ar Oregon. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a hukumar da ke sasanta rikicin ma'aikata don kada masana'antun yaƙi su tsaya. Mutumin da ya yi wannan aikin ba za ka ce yana ƙin kowane yaƙi ba. Hujjarsa ita ce kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon ƙaddamar da yaƙi, ba shugaban ƙasa ba, kuma majalisa ba ta da hurumin miƙa wannan iko tun kafin a san abin da za a yi da shi. Yana kallon ƙudurin Tonkin a matsayin takardar shelar yaƙi da aka sa wa hannu aka bar gurbin rana. Ya ƙara da cewa Amurka ta saɓa yarjejeniyar Janiba ta 1954 kan Biyetnam, kuma kamata ya yi a kai batun Majalisar Ɗinkin Duniya.

Yadda za ka tabbatar da cewa hujjar ta gaske ce, ba ƙiyayyar Johnson ba, shi ne ka koma baya ka ga ko ya taɓa faɗar haka a ƙarƙashin wani shugaban. Ya taɓa. A Janairun 1955 Shugaba Eisenhower ya nemi irin wannan ikon don kare tsibirin Taiwan daga Sin. Aka amince 85 da 3, Morse na cikin ukun. Kusan shekara goma kafin Tonkin ke nan, da shugaban wata jam'iyya, da hujja iri ɗaya.

Gwada wannan ma'aunin a kan McGovern za ka ga wani abu daban. Shi matuƙin jirgin yaƙi ne, ya tashi sau 35 da jirgin B-24 a Turai, ya san abin da bam ke yi wa gari. Ƙinsa daga abin da ido ya gani ya fito, ba daga sassan kundin mulki ba. Kuma a 1978 shi ne ya fito yana cewa ya kamata ƙasashen duniya su yi tunanin amfani da soja don dakatar da kisan da Pol Pot ke yi a Kambodiya. Fulbright kuwa, wanda matasa masu zanga-zanga suka so, shi ne dai ya ƙi dokar haƙƙin baƙaƙen fata ta 1964. Kada ka ɓoye irin waɗannan don hoton ya yi kyau.

Halinsa kafin yaƙin

Ka ɗan ɓata lokaci a kan shekarun da babu yaƙi, domin a nan za ka gane dalilin da ya sa aka saurare shi ko aka ƙi saurarensa. Morse ya shiga majalisa a 1945 a jam'iyyar Rifablikan. A 1952 ya fice, saboda bai gamsu da tafiyar Eisenhower da Nixon ba. Da majalisa ta dawo zama a 1953 sai ga shi ya shigo da kujera mai naɗewa a hannu, wai zai zauna a tsakiyar hanyar da ta raba jam'iyyun biyu, tunda shi indifenda ne. Aka raba shi da manyan kwamitocinsa. A shekarar dai ya miƙe ya yi jawabin awa 22 da minti 26 don hana a miƙa wa jihohi filayen man fetur na gaɓar teku, jawabin da ya fi kowanne tsawo a tarihin majalisar kafin Sanata Strom Thurmond ya zarce shi a 1957. A 1955 ya taimaka wa 'yan Dimokurat suka kama ragamar majalisa, Johnson ya zama shugaban masu rinjaye, shi kuma ya samu kujera a kwamitin harkokin waje, daga nan ya shiga jam'iyyar.

Ana ce masa damisar majalisa. Ni dai a nawa ganin, halin nan da ya ba shi ƙarfin tsayawa shi kaɗai shi ne kuma ya sa tsayuwar ba ta ja kowa ba. Mutum ne mai dogon jawabi da kaifin harshe, yakan tashi da yamma zaure ya watse ya yi ta zuba. Abokan aikinsa sun saba jin sa yana cewa a'a, har a'ar ta daina firgita su. Makiyayi ne kuma mai son dawaki, har wani doki ya taɓa harbinsa a fuska ya karya masa muƙamuƙi a 1951, abin da abokan hamayya suka riƙa yi masa shaguɓe da shi. Da a ce Fulbright ne ya ƙi a ranar 7 ga Agusta, da ƙila goma sun bi shi. Morse ya ƙi, dattijo ɗaya mai shekara 77 daga Alaska ya tsaya tare da shi, shi ma don tun watan Maris ya riga ya ce a janye.

Kada kuma ka ɗauka shi da Johnson ba sa ga maciji. Morse ne ya jagoranci babbar dokar tallafa wa makarantun firamare da sakandare ta 1965 a zauren majalisa, wadda Johnson ke alfahari da ita. Da rana suna aiki tare, da yamma yana caccakar sa a kan Biyetnam.

Me ya rasa?

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Duba abin da matsayin ya jawo masa, amma ka yi hattara da bayani mai sauƙi. Za ka karanta a wurare da yawa cewa mutum biyun da suka ƙi ƙudurin Tonkin duk sun faɗi zaɓe a 1968. Haka ne. Gruening ya sha kaye a zaɓen fid da gwani a hannun Mike Gravel, Morse kuma Bob Packwood ya kayar da shi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba cikin fiye da 800,000. Sai dai cewa yaƙin ne kaɗai ya kayar da su ya yi gaggawa. Gruening ya haura shekara 80. Morse ya ɓata da ƙungiyoyin ƙwadago saboda rawar da ya taka wajen sasanta yajin aikin da Johnson ya ɗora masa. Ya kuma ɓata da jam'iyyarsa: a 1966 ya goyi bayan Hatfield ɗan Rifablikan a takarar ɗaya kujerar sanatan Oregon, don yana adawa da yaƙin, ya bar ɗan takarar Dimokurat Robert Duncan mai goyon bayan yaƙin. Wannan a wurina ita ce babbar shaida a kansa, ta fi jawabai ɗari, don ya san 'yan jam'iyya ba sa manta irin wannan. Ba su manta ba kuwa. Duncan ya fito ya kara da shi a zaɓen fid da gwani na 1968, Morse ya sha da ƙyar, ya isa babban zaɓe a jigace.

Gravel ɗin da ya kayar da Gruening, shi ne a 1971 ya karanta takardun sirrin Pentagon kan yaƙin Biyetnam a zaman wani ƙaramin kwamiti don su shiga kundin majalisa. Siyasa ke nan.

Inda za ka samo abin

Shafin intanet na Majalisar Dattawa yana da ƙuri'un da aka kira suna ɗaya-ɗaya tun daga 1989. Don haka idan sanatanka na zamanin Iraƙi ne, aikin minti biyar ne: ka nemi ƙuri'ar Oktoban 2002 ta ba da izinin yaƙin, 77 da 23, za ka ga Robert Byrd, Russ Feingold, Paul Wellstone da Edward Kennedy a cikin masu ƙi, da Lincoln Chafee, ɗan Rifablikan ɗaya tilo. Daga nan ka koma Satumban 2001 ka ga ƙudurin da ya biyo bayan harin 11 ga wata, inda aka yi 98 babu ko ɗaya da ya ƙi. Duk mutanen nan sun amince da na 2001 sun ƙi na 2002, sai ka nemi dalili.

Na zamanin Morse sai ka shiga kundin Congressional Record mai ɗauke da muhawarorin majalisa da ƙuri'unta, wanda aka ɗora tsofaffin juzu'ansa a intanet. Nemi ranar, ba sunan ba, ya fi sauri. Ka sani kuma 'yan majalisa na da damar gyara kalamansu ko cusa rubutaccen jawabi kafin a buga, saboda haka ba duk abin da ke ciki ne aka furta da baki ba, zauren kuma ba a fara haska shi a talabijin ba sai 1986. Ƙuri'a ce ke da wuyar gyaruwa. Takardun Morse na ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Oregon da ke Eugene, hirarrakin Johnson ta waya da aka naɗa kuma suna ɗakin adana tarihinsa a Austin, jihar Teksas. Littafin da ɗan siyasa ya rubuta a kan kansa, bar shi sai ƙarshe, bayan ka riga ka san ƙuri'unsa.

Abu na ƙarshe, duba ranar mutuwa kafin ka rubuta cewa mutum ya ga abin da ya faɗa ya tabbata. Morse ya ga an soke ƙudurin Tonkin a Janairun 1971. Ya ga majalisa ta tsallake kujerar na-ƙi ta Shugaba Nixon a Nuwamban 1973 ta kafa dokar da ta tilasta wa shugaban ƙasa sanar da ita cikin awa 48 idan ya tura soja, ya kuma janye su bayan kwana 60 in ba ta amince ba. Ya nemi komawa majalisa a 1972, ya kara da Hatfield ɗin da ya taɓa mara wa baya, ya faɗi. A 1974 ya sake samun tikitin Dimokurat don ya gwada da Packwood, yana tsakiyar yaƙin neman zaɓe ciwon ƙoda ya kwantar da shi a Portland. Gruening ya rasu ranar 26 ga Yuni, Morse ya bi shi ranar 22 ga Yuli. Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, bai faɗi ba sai 30 ga Afrilu, 1975.